Lahadi a Ɗambatta: Fim ɗin caca da lissafin da ba ya nunawa

Yayata ce ta kira ni ran wata Alhamis da daddare, a ƙarshen watan Nuwamba. Ba ta saba kira a irin wannan lokaci ba, saboda haka tun ba mu gama gaisawa ba na san da magana. Ta ce, "Ina so ka zo ka ga yaron nan naka. Kuɗin waken da babansa ya ba shi ajiya sun yi ɓatan dabo. An yi an yi ya faɗi inda suka shiga, ya ƙi. Kai ne yake jin nauyinka." Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, ban kuma taɓa jin ta yabe shi ko ta kawo ƙararsa a gaban kowa ba. Duk abin da ya sa ta ajiye kunya ta ɗauki waya a kansa ba ƙarami ba ne. Na ce mata ina tafe ranar Lahadi in Allah Ya kai mu.

Ɗambatta tana kimanin kilomita 50 arewa da birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Kazaure ta tafi Daura. Da zarar mota ta rabu da cunkoson Dawanau sai ido ya sami sarari, amma babu daji a wannan hanya. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye. An girbe gero tuntuni, an tattara karan dawa tsibi-tsibi, harawar wake da ta gyaɗa kuwa an ɗora su a kan rassan itatuwa don kada dabbobi su kai gare su. Gawo ya fito da sabon ganye, kamar yadda ya saba yi idan sauran itatuwa suka fara zubar da nasu. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki da ya kewaye Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana riƙe ta da takin gida da toka. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ƙasa kaɗan take ciyar da jama'a masu yawa haka. Mu da muka tashi muna zuwa hutu ƙauyukan nan mun san cewa tattali ne da lissafi. Kowane dami an san watan da zai kai gida. Kowace akuya an san abin da aka tanade ta dominsa, ko suna, ko asibiti, ko kuɗin makaranta. A irin wannan gida, idan kuɗin buhunan wake suka salwanta, akwai wata buƙata da aka riga aka sa wa rana da za ta zo ta tarar da hannu babu komai.

Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta take ci, kuma tun kafin ka shiga gari za ka san haka. Tireloli sun yi layi a gefen titi suna jiran shanun da za su kai Kudu, amalanken shanu da babura masu ɗauke da buhuna suna rige-rigen hanya, ƙura ta haɗu da hazon hunturu. Gari ne mai tarihi, mazaunin Dambazawa, gidan sarautar Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Marigayi Alhaji Mukhtar Adnan ya riƙe wannan sarauta fiye da shekara 60 kafin rasuwarsa a 2021. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, ga madatsar ruwa ta Tomas da ta ba mutane noman rani. Duk waɗannan na san su. Abin da ban taɓa tsayawa na ƙirga ba sai a wannan zuwan shi ne lemomin masu POS da shagunan cajin waya da suka jeru daga tasha har bakin kara. Da, mutum kan sayar da ragonsa ya ƙulle kuɗin a aljihun ciki ya kama hanyar gida. Yanzu kafin ya bar kasuwa kuɗin sun shiga waya. Lahadi kuma ita ce ranar manyan wasannin ƙwallo na Ingila da Sifaniya. Kuɗi na shigowa hannu tsakanin hantsi da azahar, da la'asar ana take wasa. Tsakanin sayar da wake da zuba kuɗinsa a caca babu ko tafiyar minti ɗaya.

Na sauka a gidan yayata, aka kawo fura, muka gaisa da maigidan, wanda bai ce mini komai ba sai "Ga shi nan, Malam, ni na gaji." Yaron yana tsugune a bakin zaure, kansa a ƙasa. Shekararsa 22. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, har da kiredit a lissafi, shekara biyu ke nan yana jiran gurbin karatu. Ba ya shan taba, ba ya yawon dare, a sahun farko yake salla. Na ce ya taso ya raka ni kara in ga farashin raguna. Na san a gaban iyayensa ba zai buɗe baki ba.

Sai da muka sami inuwar wata darbejiya a gefen masu sayar da igiya sannan ya yi magana.

"Kawu, wallahi ba sata na yi niyya ba. Juya su na so in yi, in mayar wa Baba nasa in riƙe ribar."

"A ina ka juya su?"

Ya ciro waya ya miƙo mini. Manhajar cacar ƙwallo ce, irin waɗanda tallarsu ta cika intanet. Kafin in ce wani abu ya riga ni. "Kawu, ai ba irin cacar da kuke tunani ba ce. Wannan lissafi ne, mai ilimi shi ke ci. Akwai ma fim ɗin da aka yi a kai, 'yan jami'a ne, kuma labarin gaske ne." A shagon masu tura fina-finai aka sa masa shi a waya, ya ce ya kalle shi ya fi sau biyar.

Fim ɗin da yake nufi sunansa 21, ya fito a 2008. Na san shi sarai, don ina sa ɗalibaina su kalle shi idan muka zo darasin yadda fim ke sarrafa tarihi. Labarin wani haziƙin ɗalibi ne a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ke neman dala 300,000 don ya karanci likitanci a Harvard. Wani farfesan lissafi ya jawo shi cikin wata ƙungiyar ɗalibai da ke zuwa Las Vegas a ƙarshen mako suna kwasar kuɗin gidajen caca ta hanyar ƙirga karta. An ɗauko fim ɗin daga littafin Ben Mezrich mai suna Bringing Down the House, shi kuma littafin ya dogara da labarin wata ƙungiya da ta wanzu da gaske tun daga wajen 1980.

To, me ke gaskiya a ciki? Dabarar kanta gaskiya ce. A nau'in kartar da ake kira blackjack, katin da aka riga aka raba ba ya komawa cikin tarin nan take. Wanda ya iya riƙe lissafin abin da ya fita zai san lokacin da manyan katuna suka fi yawa a cikin ragowar, sai ya zuba kuɗi da yawa a wannan lokaci. Wani masanin lissafi, Edward Thorp, ya bayyana haka a littafinsa tun 1962. Daga nan kuma fim ya fara yi wa labarin kwalliya. Babu wani farfesa da ya jagoranci ƙungiyar; mutane irin su Bill Kaplan da J.P. Massar da John Chang ne suka tafiyar da ita kamar kamfani, da masu zuba jari, da jarrabawar shiga, da takardun lissafin kowane zama. Ɗalibin da aka gina tauraron a kansa, Jeff Ma, ɗan asalin Sin ne, amma aka ba Bature ɗan Ingila, Jim Sturgess, matsayinsa, shi kuwa Ma aka ba shi 'yar fitowa a matsayin mai raba karta. Dukan da ake yi wa tauraron a ɗakin ƙasa, 'yan ƙungiyar sun ce bai faru da su ba. Korarsu kawai ake yi a hana su dawowa. A shekarar da fim ɗin ya fito, jaridar Boston Globe ta bi diddigin littafin, ta ruwaito cewa abubuwa da dama da ke cikinsa ba su auku ba.

Duk wannan ban ɗauke shi babban laifi ba, don kowane mai ba da labari yana ƙara gishiri. Babbar ɓarnar tana wajen lokaci. Fifikon da ƙirga karta ke ba ƙwararre a kan gidan caca bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Kafin wannan ɗan fifiko ya zama riba sai an buga hannu dubbai, da jari mai kauri da zai jure faɗuwar makonni a jere. A 1992 dala miliyan 1 suka tara kafin su fara wani sabon zagaye. Fim kuwa awa biyu gare shi. Sai ya ɗauki daren da aka ci ya haska shi da kiɗa da fitilu, ya tsallake ɗaruruwan darare na zaman gajiya da asara. Mai kallo a Ɗambatta ya ga yaro ya shiga da wayo ya fito da jaka, bai ga jarin ba, bai ga shekarun ba.

Na ce masa, "Ko da duk abin da ka gani gaskiya ne, wancan karta ce da ake iya ƙirga ragowarta. A cacar ƙwallo me kake ƙirgawa? Miƙo mini karan can."

Na share ƙasa na zana masa. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, ko wannan ta ci ko waccan, a ajiye maganar canjaras. Da adalci za a yi, wanda ya sa naira 100 ya dace sai a ba shi 200. Kamfani ba ya ba da haka. Sai ya ba da kamar 190. Wannan naira 10 da ya rage ita ce la'adarsa, kuma ko wa ya ci tana hannunsa. Matasanmu kuwa ba wasa ɗaya suke bugawa ba, goma suke haɗawa a tikiti ɗaya don kuɗin su kumbura. Idan ka haɗa irin waɗannan wasanni 10, naira 100 za ta iya zama kimanin 61,300, abin da ke sa ido ya rufe ke nan. Amma hanyoyin da sakamakon wasanni 10 zai iya fitowa guda 1,024 ne, ɗaya tak ce taka. Da mutum 1,024 za su sa naira ɗari-ɗari, kowa ya zaɓi hanya daban, sun tara wa kamfani 102,400. Mutum ɗaya zai karɓi 61,300, kamfani ya riƙe fiye da 41,000, sauran mutum 1,023 su koma gida hannu rabbana.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Shi mai kiredit ne a lissafi, bai sami inda zai kama ni ba. Can sai ya ce, "Amma Kawu, sau da yawa wasa ɗaya ne kawai yake ɓata mini."

Na ce, "Haka zai yi ta yi. A cikin hanyoyin nan 1,024, guda 10 ne ke ba ka tara daidai ɗaya kuskure. Saura ƙiris ya ninka ci sau goma. Shi ne igiyar da aka ɗaure ka da ita."

Bai sallama ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce, "To ai noma ma caca ce. Baba ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ruwa ya ɗauke a watan da ake buƙatarsa, ko kaka ta yi farashi ya faɗi." Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san abin da manomi ke gani ba zai yi mata dariya ba. Na ce masa kasada daban, caca daban. Idan gonar babansa ta yi kyau, an sami hatsin da babu shi a duniya a da, ba a kuma cire shi daga rumbun kowa ba. Idan tikitinsa ya ci, kowace naira daga aljihun wani yaro irinsa ta fito, a Kazaure ko Makoɗa ko Aba.

Wani dattijo mai sayar da igiya da ke kusa da mu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Malam, ku gafarce ni, na ji zancenku ba da niyya ba. Yaro, matso." Ya gyara zama a kan buhunsa. "Ni nan da ka gan ni, shekara goma sha biyu na yi ina karta. A zamaninmu idan kasuwa ta tashi sai mu zaga bayan gari, a shimfiɗa tabarma, a kunna aci-balbal. Na ga wanda ya zo da kuɗin sa guda ya koma ba riga. Amma wanda ya cinye ka kana kallon idonsa. In yana da sauran mutunci ya ba ka kuɗin mota, gobe ka same shi ka ci bashi. Ku naku wa yake cinye ku? Ka taɓa ganinsa?"

Yaron ya girgiza kai.

"Gonar gadona na jinginar, har yau ban fanshe ta ba, wani ke nomanta ina wucewa ina gani. Kuma ba a dare ɗaya ta tafi ba. Sule biyar, sule goma. Da a dare ɗaya ne, da na farga."

Na karanta sharhi da yawa a kan fina-finan caca, ban ga wanda ya kama bakin zaren kamar wannan dattijo ba. Fim yana son dare ɗaya, babban zama ɗaya da za a zuba komai, mai kallo ya riƙe numfashi. Caca a rayuwa kuwa yoyon tulu ce. Ba ka jin ƙarar fashewa, sai dai ka zo sha ka tarar da ƙasa a jiƙe.

Tabarmar bayan gari tana da wuri da lokaci da fuskoki, don haka ana iya kai mata samame, uba yana iya zuwa ya kamo ɗansa. Hukuma har yanzu da wannan siffa take kallon matsalar. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo kimanin 30 a cikin birni. A watan Nuwamban wannan shekarar Kotun Ƙoli ta soke ikon da Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ta ba Gwamnatin Tarayya a kan jihohi, ta ce tsara harkar caca hurumin kowace jiha ne. Matsayin addini kuwa babu wanda bai sani ba a garin nan. Aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, sun kuma ambaci gabar da take haddasawa da shagaltarwa daga salla. Amma kamfanoni irin su NairaBet da Bet9ja da SportyBet ba sa buƙatar shago a Ɗambatta. An sa wa shago kwaɗo, caca ta koma aljihu, tana bin yaro har kan shimfiɗarsa. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa mafi yawan kuɗin ba a wasannin Lahadi suka tafi ba. Da tsakar dare suka tafi, a wasannin da kwamfuta ke ƙirƙira ta kammala cikin 'yan mintoci, inda babu ɗan wasa na gaske balle a yi nazarinsa.

Bayan la'asar muka leƙa wani gidan kallo, rumfar kwano da benci da janareto yana ruri a baya. Na zauna a ƙarshe ina kallon masu kallo. Rabinsu idonsu ba ya kan talabijin. Wani ya yi tsalle don an yi bugun kusurwa, wani ya dafe kai don ƙungiyar da yake goyon baya ta ci ƙwallo ta uku alhali shi biyu ya saya. Ana cikin haka wata waya ta fara zagayawa hannu zuwa hannu. Hoton tikiti ne, wai wani a wani gari ya sa naira 200 ya ci miliyoyi. Babu mamaki gaskiya ne. Nan na gane cewa wannan hoto shi ma fim ne da aka ɗauko daga labarin gaske, kuma da irin almakashin Hollywood aka yanka shi: an nuna mutum ɗaya, an yanke dubban da suka tara masa kuɗin. Ba wanda ke yaɗa hoton tikitin da ya faɗi.

Ko manyan fina-finan da suka fi 21 daraja ba su tsira daga wannan ba. Casino na Martin Scorsese, wanda ya fito a 1995, ya bi rayuwar Frank Rosenthal, mutumin da ya tafiyar da gidan cacar Stardust a Las Vegas a madadin 'yan daba na Chicago. Bam ɗin da aka sa masa a mota a 1982 ya tsira gaskiya ne. Kisan abokinsa Anthony Spilotro a 1986 ma gaskiya ne, ko da yake fim ya nuna an kashe shi a gonar masara, shari'ar da aka yi a 2007 kuwa ta bayyana cewa a ɗakin ƙasan wani gida aka kashe shi, gonar binne shi kawai aka yi a ciki. Fim ɗin bai ɓoye cewa gidan caca ne ke cin riba a kullum ba. Sai dai kusan awa uku kyamara na bin masu gidan, da rigunansu da motocinsu da rigimarsu. Waɗanda ake tatsar kuɗinsu ƙeyarsu kawai muke gani, taron mutane marasa suna a gaban injuna.

Fim ɗaya na sani da ya juya kyamara ya kalli mai asara ido da ido, shi ne Owning Mahowny na 2003. Labarin Brian Molony ne, matashin ma'aikacin banki a Toronto ta Kanada, wanda ya karkatar da fiye da dala miliyan 10 na bankin cikin kamar shekara ɗaya da rabi ya kai teburin caca, aka kama shi a 1982. Philip Seymour Hoffman ya fito a matsayinsa: tsohuwar mota, kwat da ta ƙoɗe, ba ya shan giya, ba ya neman mata, ko ya ci ba ya murmushi, sai ya ci gaba da bugawa har abin da ya ci ya koma. Mutum ne mai ladabi da shugabanninsa suka amince da shi. Wannan fim ɗan abin da ya haura dala miliyan 1 ya samu a gidajen sinima. 21 kuwa ya tara fiye da miliyan 150. Masu shirya fim 'yan kasuwa ne, sun ga abin da mai kallo ke biya ya gani. Ban yi tsammanin akwai shagon turi a Ɗambatta da ke da Owning Mahowny ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba a tambayarsu shi.

Fina-finanmu na Hausa ta ɗaya gefen suke kuskurewa. Niyyarsu wa'azi ce, don haka ɗan caca a cikinsu yakan zo da jan ido da karan sigari da muguwar dariya, ya sayar da gida a zama ɗaya, ya ƙare a gidan yari ko a bola, sannan ya yi nadama. Uwa ta kalli wannan ta gode wa Allah da ɗanta ba haka yake ba. Yayata wata takwas tana kai wa ɗan caca tuwo ɗaki ba ta sani ba, domin siffar da aka nuna mata ba tasa ba ce. Da marubutan Kannywood za su ji shawarata, da sun rubuta mana yaro mai kunya da ke riƙe wa babansa kuɗi, wanda ke faɗuwa ɗari biyu-ɗari biyu, wanda ƙaryarsa ta farko ƙarama ce har shi kansa bai ɗauke ta ƙarya ba. Da malaman lissafi na sakandare za su ji, da sun koyar da darasin yiwuwar aukuwa da tikitin caca a kan allo, da Hausa, kafin kamfani ya riga su koyar da shi a aljihun yaro.

Bayan magariba muka zauna a zaure ni da shi, na ce ya buɗe tarihin asusunsa. Na tambaye shi nawa yake jin ya yi asara, ban da kuɗin waken. Ya ce ba za su wuce dubu ashirin ba. Na karɓi biro, yana karantowa ina rubutawa a bayan wata takardar magani: 200, 500, 200, 1,000, 300. Mun fi rabin awa. Abin da ya zuba cikin wata takwas ya kama naira 214,000. Abin da ya fitar 71,000. Ranar da ya ci 38,000 yana tune da ita sarai, har rigar da ke jikinsa da wanda ya ci ƙwallon ƙarshe. Sauran ranakun ko ɗaya bai iya tunawa ba. Shi ma ashe ya daɗe yana shirya wa kansa fim, yana ajiye daren da ya ci, yana yanke sauran.

Ya riƙe takardar hannunsa na rawa. Ya ce, "Kawu, har da kuɗin rajistar jarrabawata a ciki."

Na kira babansa, muka yi maganar da ta dace a yi a cikin gida, wadda ba ta shafi jarida ba. An amince zai bi wani ɗan'uwansu noman rani a Tomas ya biya abin da ya ci a hankali, kuɗin gida kuma ba za su sake kwana a wayarsa ba. Yayata ba ta fito ba. Ta bayan labule ta ce, "An gode, Allah Ya bar zumunci," na kuma ji muryarta ba daidai take ba. Ba zan ce wa mai karatu yaron ya daina ba. Dattijon kara shekara goma sha biyu ya yi, kuma ya san yana faɗuwa tun a ta farko.

Da ya rako ni tasha, kasuwa ta watse, sai 'yan tireda da masu shayi da ƙaurin kashin shanu. Tirelolin sun fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe mini ƙofar mota ya ce, "Kawu, wancan fim ɗin na ma'aikacin banki, in ka samu ka turo mini." Na ce zan turo.

A hanyar dawowa duhu ya rufe gonakin, ba a ganin komai sai wutar ƙauyuka jefi-jefi. A cikin motar mu tara ne, wayoyi huɗu na haske. Saurayin da ke gefena, da buhun gyaɗarsa a but, yana ta jan allon wayarsa da yatsa yana duba sakamakon wasan dare na Sifaniya. Da muka kusa Dawanau ya yi tsaki, ya ce da ni ko da kansa, "Wasa ɗaya." Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a cikin abin da suka noma.